Butar Malama Evantiya

Ƙarfe bakwai na safe, kafin a buga ƙararrawar coci, Malama Evantiya ta riga ta gangaro daga unguwar tudu, buta a hannu ɗaya, burodi da zaitun a ɗayan. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan tafiya zuwa sakandaren ƙauyenmu da ke arewa da birnin Kavala a ƙasar Girka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Butar ba ta shayi ba ce. A ajinta akwai faffaɗan akwati cike da yashi. Sai ta sa ɗalibanta 'yan shekara sha biyar su tara tuddai, su haƙa kwari, su dasa kwalayen ashana a matsayin gidaje, sannan ta tsiyayo ruwa daga sama. Wanda ruwa ya kwashe gidansa ya shiga uku da tsiyar Malama. "To, sarkin magina, yau ina za ka kwana?"

Da yashin nan ta nuna musu abin da ya zaunar da garin Yariko a bakin idon ruwa, Urushalima kuma a kan tudu, da dalilin da rufin gidajen can yake a shimfiɗe, namu a karkace saboda dusar ƙanƙara. Manzannin Kirista na farko da suka sauka a gaɓar tekunmu, in ji ta, dole su bi ta garin Filibi, don dutse ne a gefe guda, fadama a ɗayan. Limamin cocinmu ya taɓa ƙorafin tana mai da Littafi Mai Tsarki wasan ƙasa. Ta gayyace shi aji. Ya fito da yashi a hannun baƙar rigarsa, bai ƙara ƙorafi ba.

Amma Argiris ya fi kowa sanin butar. Tsohon ɗalibinta ne, gwanin barci a aji. Da ya dawo daga aiki a Jamus zai yi aure, sai ya sayi fili shimfiɗaɗɗe a bakin busasshen rafi, har ya kafa turaku ya ja igiya. Rannan sai ga Malama da butarta.

"Argiris, ɗana, kakanka mahaukaci ne?"

"A'a, Malama."

"To me ya sa ya bar wannan fili mai kyau ya je ya liƙe a jikin dutse kamar akuya?"

"Haba Malama, rafin nan ya bushe tun ina goye!"

Ta sunkuya ta ɗauko tsakuwa sumul kamar ƙwai. "Wa ya goge wannan? Kai?"

Ta hau bakin filin ta juye butar. Ruwan ya gangaro kai tsaye ya kwanta inda ya shata ɗakin yara.

Argiris ya fusata, don a gaban surukinsa aka yi. Shekara guda bai gaishe ta ba. Amma ya tumɓuke turakunsa ya koma tudu. Bayan shekara bakwai, wata la'asar ta Nuwamba, aka tafka ruwa, rafin ya farka. Duwatsun da rafin ya jibge a filin nan suna nan har yau, wani ya kai girman tanderun burodi.

Ke ce kika jure fushin ɗalibi, Malama Evantiya, ba ki nemi ya ba ki haƙuri ba. Ke ce mai buta, wadda ta koya mana karanta ƙasa kafin mu taka ta. Muna alfahari da ke, kuma za mu yi kewarki ƙwarai.

Mun gode. Malaman da ke tasowa, kada ku zubar da yashin nan, ku ɓata hannunku kamar yadda ta ɓata nata. A darasinta na yashi na ƙarshe, makon jiya, yarinyar da ta miƙa wa butar Fotini ce, 'yar Argiris ta fari, wadda aka shata wa wancan ɗaki.