Agogon Mang Engkos da Ke Makancewa a Mita Ɗari Uku

Kowace safiya, da an idar da sallar asuba, Mang Engkos, wato Kawu Engkos a yarenmu, yakan ɗaura agogunan da ya haɗa, uku a hannun dama uku a hagu, ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi tudun da ke bayan gonakin shinkafa. A can akwai wani turken siminti da ya san tsayinsa daga bakin teku. Sai ya tsaya a gefensa yana bin agogunan da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali a gaban shaidun zur. Duk wanda ya saɓa wa turken, ranar za a farke cikinsa. Mata masu dashen shinkafa sun daɗe da yanke hukuncin cewa akwai motsi a kan mutumin nan.

Ba agogon lokaci ba ne. A filinmu na kusa da garin Pangandaran da ke bakin teku, masu dirowa daga jirgin sama da laima ne ke ɗaura shi. Yana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam, ya nuna wa mutum tsayin da yake, da gudunsa, da inda iska ke kai shi, da nisan da ya rage masa zuwa fili. Akwai na ƙasar waje, amma sai mai hali. Mang Engkos, wanda ya fara da gyaran rediyo a kasuwa, shi ya yi shekara goma sha huɗu yana haɗa mana namu a ɗan shagonsa na bayan rumfar jirgi. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Hannunsa ya fara rawa, dalma ba ta zama inda ya ajiye ta.

Ni Yayat ne, aikina naɗe laima. Na ga ni ya kamata in rubuta wannan, domin shekara biyar da suka wuce ni ne na kusa rufe masa shagon da bakina.

Mai naɗe laima a durƙushe yake wuni, mutane suna hira a kansa kamar ba ya nan. Da haka na riƙa jin ƙorafi ɗaya: agogon tsohon nan ya sake mutuwa ana dab da sauka. Na fara zargin mataccen batir yake saka musu. Sai na roƙi masu dirowa su riƙa duba ma'aunin tsayi mai allura, wanda kowa ke ɗaurawa a ɗaya hannun, a daidai lokacin da agogon ya ɗauke. Na farko ya ce mita ɗari uku. Na biyu ma haka. Na tara ma haka. Lalacewa kuwa ba ta da alƙawari. Abin da ke mutuwa kullum a wuri ɗaya, kashe shi ake yi.

Na ce a raina, to don a dawo masa gyara ne. Amma ko sisi ba ya karɓa na gyara. Yakan buɗe, ya hura iska, ya rufe, ya ce a je a gwada. Wannan ya fi tayar mini da hankali. Wanda ya cuce ka don ya samu, ka san inda ya dosa. Wanda ya cuce ka a kyauta fa?

Na same shi a shago yana cin soyayyen rogo.

"Mang, agogonka ba lalacewa yake ba."

"Alhamdu lillahi. Je ka faɗa musu."

"Kai kake kashe shi."

Ya ɗago tabarau ya dube ni. "Yayat, kai da ko kan kwakwa ba ka taɓa hawa ba, yau kai ne malamin sama?"

"Ban taɓa hawa ba, amma na iya ƙirga ɗari uku."

"To ƙirga igiyoyin laimarka. Ga rogo."

Ban ci rogon ba. Na wuce wurin Teh Nenden, wato Yaya Nenden, shugabar ƙungiyarmu ta masu dirowa, na zayyana mata komai. Ta sa taro ranar Asabar, ta ce idan maganata ta tabbata, babu wanda zai sake hawa jirgi da agogon Mang Engkos. Shago ba zai rayu ba bayan wannan, sunansa ma haka.

Ranar taro aka cika rumfa. Teh Nenden ta tambaye shi sau uku. Bai musa ba, bai kuma yi bayani ba.

"Mang, don Allah ka ba ni abin da zan riƙe," in ji ta. "Rai ne fa."

"Na sani rai ne. A mita ɗari uku laima ta daɗe da buɗewa, allura tana hannunsu. Me kuma suke nema a agogo?"

"Wa ya ba ka iznin yanke musu wannan hukuncin?"

Ya cire tabarau yana gogewa. Na ji daɗin ganinsa haka, Allah Ya yafe mini.

Sai muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Kang Dadan ne, wato Yaya Dadan, mai sayar mana da kofi a bakin ƙofa. Kafin in zo filin nan shi ne gwanin dirowa, har ranar da ya karya ƙugu wajen sauka. Kowa ya san labarin: iskar teku ce ta juya ba zato.

"Ba iska ba ce," in ji Kang Dadan. "Ko in ce, iska ta juya, ganyen kwakwa duk sun nuna, makaho ma zai gani. Ni ne ban duba ba. Agogon farko da tsohon nan ya haɗa yana hannuna, ina kallon lambobi ina jin daɗi, har ƙasa ta zo ta same ni. Shi kaɗai na faɗa wa, a asibiti, na kuma sa ya rantse." Ya juya wajen Mang Engkos. "Kai kuma tsohon banza, sai ka bari a rufe maka shago saboda kunyata?"

"Zauna, gurgu, kofinka na hucewa."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Ni ban yi ba. Na ce, "To Mang, ko ba ka ambaci sunan kowa ba, me ya hana ka ce da gangan agogon ke ɗaukewa?"

"Da na faɗa, da sun ce agogo mai wayo ne, su ƙara sakankancewa. Da suka ɗauka na banza ne, kowa yana saukowa ido buɗe. Gara su zarge ni da su yarda da shi."

Ba a hana agogon ba. An dai tilasta masa ya rubuta a jikin kowane madauri cewa zai ɗauke a mita ɗari uku. Ya rubuta yana gunaguni. Cikin wata biyu mutum uku suka sayo na waje, wanda ba ya ɗaukewa. Ɗayansu ya sauka a tsakiyar gonar shinkafa, ya fito da taɓo har wuya, Allah Ya tsare bai karye ba.

Har yau ban gama da maganar nan a raina ba. Ɓoye wa mutum gaskiya don ka tsare ƙafarsa, taimako ne ko raini? Wasu ranakun nakan ce na yi daidai da na tona. Wasu ranakun nakan ga mutumin nan na cikin taɓo. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Nawa ya zama gaskiya, rabin gaskiya, kuma rabin da na rasa shi ne mai nauyin.

Amma wannan na sani, Mang. Kai ne ka yi shekara tara ana kiranka mai aikin algus kana amsawa da rogo. Kai ne ka riƙe rantsuwar da aka ɗora maka a gadon asibiti har ta kusa cinye shagonka. Guga, sha kwaramniya. Kai ne kaɗai na sani da ya ƙera abu da hannunsa, sannan ya ƙi barin mutane su so shi fiye da kima. Tun daga Kang Dadan, babu wanda ya sake karyewa a filin nan da agogonka a hannu.

Mun gode, Mang Engkos. Allah Ya ba hannun nan hutu. Ku kuma masu haɗa na'urorin da mutane ke jingina rayuwarsu a kai, ku je tudu ku tuhumi aikinku kafin wani ya tuhume ku, ku kuma koya masa lokacin da zai yi shiru.

Jiya na kai masa wannan rubutun. Ya karanta har ƙarshe, ya juya takardar ya duba bayanta.

"Me kake nema a wurina, Yayat?"

Na ce babu komai.

"Haka kowa ke cewa," in ji shi, ya turo mini farantin rogo. Wannan karon na ci.