Sunan Inna Babba

Lokacin kaka ne. Damina ta makara a shekarar, har sai da muka sake shuka, amma da ruwa ya zauna bai yi mana rowa ba. Duk hanyar da ka bi a Filinge sai ka gamu da amalanken jaki ɗauke da damman hatsi, kuma mutane sun koma gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi idan hankali ya kwanta. Cikin wannan kakar ɗiyata ta haifi mace.

Mijinta ya yi mana kara. Ya aiko yayarsa ta ce sunan jaririya daga wajenmu zai fito. Ina zaune bakin gado ina dama wa maijego kunun kanwa, sai ta ce, "Inna, a sa mata sunan Inna Babba, wadda kike ba mu labari."

Na ce to, madalla. Na buɗe baki in faɗi sunan, sai na tarar babu shi a bakina.

Inna Babba ita ce mahaifiyar babana. Ta rasu ban iya tafiya ba. Abin da na sani game da ita guntaye ne da na tsinta a gindin turmi: ta yi zamanin Nasara, ta yi noma da hauya kamar namiji, ta raini maza biyu ita kaɗai. Babana har ya bar duniya bai taɓa kama sunanta ba, domin ɗa ba ya kiran sunan uwarsa. Mahaifiyata kuwa uwar mijinta ce, ko a mafarki ba za ta faɗa ba. Mu jikoki da muke da damar kiran kaka da sunanta, har mu yi mata tsiya, ba mu riske ta da wayonmu ba. Kowa ya girmama ta, har sunan ya ɓace mana.

Na je wurin yayana. Yana ɗaure dami a bakin rumbu na tambaye shi. Ya ce, "Inna Babba mana." Na ce sunan yanka nake nufi. Ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya saki igiyar dami ya ce, "Tahi Tabla. Iya na nan da ranta."

Iya matar ƙanen babanmu ce da ke zaune a ƙauyen Tabla, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ci tuwo tukunya ɗaya da Inna Babba. Ranar suna tana matsowa, don haka ban tsaya ba. Na ɗaure goro da sabulu a gefen zane na shiga mota.

Na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar wake. Idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Tun daga sallama ta gane ni. Muka gaisa, ta tambayi maijego, ta tambayi hatsi, ta sa aka kawo mini fura. Ban yi gaggawa ba. Sai da na sha na aje ludayi na ce, "Iya, labarin Inna Babba ya kawo ni."

Ta yi dariya da bakinta maras haƙori. "Wannan mata! Na yi mata tuwo har ta mutu, ba ta taɓa cewa ya yi daɗi ba. Sai ta cinye ta ce, gobe ki ƙara tuƙi."

Daga nan labari ya ɓalle. Ashe Inna Babba ba 'yar Tabla ba ce. Daga arewa ta zo, wajen Sanam, tana yarinya, a wata shekara da fara ta cinye gonaki. Ƙanwar uwarta ce ta jawo hannunta suka biyo masu gudun yunwa, kuma ba ta sake komawa ba. A Tabla ta girma ta yi aure. Tana goyon ɗanta na biyu, wato mijin Iya, gardawan kumandan, wato dogaran Banasaren da ke mulkin yankin, suka zo ɗibar mutane aikin tilas na hanyar Yamai, suka tafi da mijinta. Waɗanda aka tafi da su tare sun dawo ɗaya bayan ɗaya. Shi labarinsa kawai aka kawo.

Ta ɗauki hauyarsa. Iya ta ce ƙaramar mace ce, ƙotar hauyar ta fi ta tsawo, mutane suna tsayawa bakin gona suna kallo. Idan kaka ta yi, kumandan yakan sa kowane gida ya kai hatsi rumbun da Nasara suka sa aka gina, ita ma ta ɗora nata a ka ta kai. Amma irin shuka ba ta taɓa yarda ya bar gida ba. A tulu take zuba shi, ta liƙe bakin da laka, ta binne a turken awaki, inda babu gardin da zai so ya sa ƙafa.

"Hatsin da yayanki ka ɗaurewa yanzu," in ji Iya, "daga tulun nan ya hito."

Ban taɓa jin wannan ba. Na ce a hankali, "Iya, sunanta za a sa ma jaririya. Mi ne ne sunanta?"

Hannunta ya tsaya cikin wake. Ta juyar da fuska wajen bango kamar amarya.

"Ni in hwaɗi sunan uwar mijina? Da wane baki?"

"Iya, ta rasu. Baba ƙarami ma ya rasu. Daga ni sai ke."

"Su sun rasu, ni ina nan."

Na san ba za ta faɗa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni ma har yau ban kama sunan tawa surukar ba. Na koyi rubutu a karatun manya, har na yi tunanin in zana sunayen mata a ƙasa ta nuna mini da yatsa, sai na tuna Iya ba ta san baƙi ba, ido kuma babu. Na ce to in jera sunaye da baki, idan na zo kansa ta yi tari. Ta ce ita ba ta wasa da manya. Muka ci gaba da ɓarar wake, ni da ita. Raina ya ba ni cewa haka zan koma in ce wa ɗiyata ta zaɓi wani suna.

Wajen la'asar wata mai tallar kopto, wato kwaɗon ganye, ta yi sallama, da ƙwarya a kanta. Za ta girme ni kaɗan. Iya ta gyara ɗankwali ta ce, "Maraba da uwar mijina."

Matar ta sauke ƙwarya tana cewa, "Surukata, yau ma ba ki share mini ɗaki ba. Zan sa ɗana shi sake ki."

"Ki yi haƙuri, Inna, bayana ne."

Na ɗauka wasan maƙwabta ne, na yi dariya tare da su. Sai Iya ta laluba ta kama gwiwata ta matsa, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sayi kopto. Ni zan shiga in yi salla." Ta dafa bango ta tashi, ta shige ɗaki, ta saki asabari.

Na tambayi matar dalilin da Iya take ce mata uwar miji. Ta ce ai tsohuwar gidan nan, uwar mijin Iya, ita ce ta yanke mata cibiya. Haihuwarta ta zo da wuya, tsohuwar ba ta bar ɗakin ba sai da aka ji kuka, shi ya sa babanta ya mayar mata da sunan. Tun tana rarrafe Iya ba ta taɓa kiranta da shi ba.

Na ce, "Yaya, mi anka raɗa miki ran suna?"

Ta faɗa mini, tana zuba kopto a kwano.

Suna ne na kowa da kowa. A ajinmu na karatun manya akwai mata biyu masu shi, kuma shekara da shekaru ina kiransu ba tare da na ji komai ba. Na maimaita shi a hankali. Daga bayan asabari Iya ta ce, "Ni dai ban ji kome ba."

Na kwana Tabla. Da safe na bi motar farko na koma Filinge, ban biya gidana ba, na wuce ɗakin maijego. 'Yan barka sun cika tsakar gida, ɗiyan yayana mata suna daka. Na sa aka aje taɓare, na kira su duka bakin ƙofa. Na karɓi jaririya na aza ta a cinya, na faɗi sunan da ƙarfi yadda na bayan danga ma za su ji, sannan na sa kowace yarinya ta maimaita.