Tandar Malam Labaran

"Wai har yanzu shagon wainar nan bai buɗe ba?"

"Ina fa! Allon shagon ya yi wata a sama, tanda ko ɗumi ba ta taɓa yi ba."

"Khalas, ya isa, yi shiru, ga shi nan tafe da tarihinsa."

Malam Labaran ya ji 'yan majalisar shayin sarai, ya wuce kamar ba da shi ake ba. Shekara tara ya yi yana koyar da tarihi a Kano kafin ya sauka Dubai, ya koma ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a unguwar Al Buteen. Ya ajiye alli, amma bakin yana nan. Duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya sha labarin tsibirin Norfolk: yadda Turawan Ingila suka jibge fursunoni a tsakiyar tekun Fasifik, wai su saƙa wa jiragen ruwa filafilai, wato yadin da iska ke turawa, da zaren wata ciyawa. Babu wanda ya iya. Sai suka je New Zealand suka sato maza biyu su koya musu.

"Ashe sana'ar mata ce!" Nan yake buga cinya. "Ka ji masu mulkin duniya! Ko tambaya ba su yi ba!"

Bana ya kama ɗan shago a unguwar Al Muraqqabat. A Fagge kowa ya san wainar gwaggonsa Wasila, don haka ya nemo wa 'ya'yanta biza, Badaru da Zainul Abideen, gandama-gandaman magidanta, har da furfura. Ita kuwa shekara huɗu ko gaisuwar Sallah bai aika mata ba.

Ranar da suka iso ya nuna musu shinkafa da tanda. Badaru ya dubi ƙaninsa.

"Yaya Labaran, ni fa tela ne."

"Ni direba," in ji Zainul Abideen. "Ci dai mun iya, wallahi ba a fin mu."

Ƙullun farko ya kwanta kamar siminti. Na biyu ya kumbura ya malale har bakin ƙofa, mai aski ɗan Pakistan na maƙwabta ya fito yana toshe hanci. Sau biyu ana ɗage buɗewa. Yanzu ya rantse wa jama'a gobe Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, kowa ya zo. In aka sake samun ƙofa a rufe, ya san sunan da za a laƙaba masa har Kano.

Ya shiga shago, ya gyara hula, ya kira Gwaggo Wasila ta bidiyo. Tsohuwa ta matso da fuska.

"Wa nake gani? Au, Farfesa ne? Ashe kana da rai?"

Ya juya wayar kan robar ƙullun, ya durƙusa a gefenta.

"Gwaggo, na tuba. Don Allah ki dubi wannan, ki faɗa mana daga farko, a hankali. Awa nawa ake jiƙa shinkafar?"