Yaren Mamata a Aji Huɗu

A shekararmu ta ƙarshe a sashen nazarin harsuna akwai wani kwas da ba a fita daga jami'a sai an ci shi. A cikinsa ake koya mana yadda mutum zai zauna da mai wani yare da bai taɓa ji ba, ya yi ta tambayarsa, yana rubuta sautin da ya ji da waɗancan alamomin namu masu kama da ƙugiya, har ya gano yadda yaren yake tafiya. A al'ada sashe ne ke nemo baƙo daga waje ya zauna a gaban aji. A shekararmu aka ce babu hali. Sai malamin kwas ɗin, wani dakta mai sanyin murya da ban taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yaren gidan kowa. Masu Hausa da Yarbanci da Tibi duk ya wuce su, wai an rubuta su har an gaji. Da na faɗi nawa sai ya tsaya cak.

Yaren mamata ne, na wani ƙauye a bayan duwatsu. Ko a Mararaba inda na tashi, da ƙyar ka samu mai jinsa in ba a gidanmu ba.

"Taso," ya ce. "Daga yau ke ce kwas ɗin nan."

Wallahi daɗi na ji. Ni da aka saba yi wa kallon banza a cikin mota in Mama ta kira ni a waya, yau ga dakta guda yana roƙon yarenmu! Da na gaya wa Mama da yamma, ajiye ludayi ta yi ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo.

Ranar farko na zauna a kujerar da aka ajiye mini a gaban allo, na buɗe littafina. Dakta ya ce, "Rufe. Mai ba da yare ba ya rubutu. Kina fara nazarin abin da kike faɗa za ki fara gyara shi, ki ɓata mana aiki."

Na ce, "To Malam, makina fa?" Domin kowa ya san makin kwas ɗin daga littafin rubutun sauti yake fitowa, sai kuma jarrabawa.

Ya yi murmushi. "Ke da kike ciyar da aji ne kike tambayar abinci? Kwantar da hankalinki."

Ni kuma, sakarya, na kwantar.

Haka zangon ya tafi. In baro Mararaba da duku-duku, in sha cunkoson Nyanya, in ratsa gari gaba ɗaya, don kawai in zo in ce "kai", in ce "kaina", in ce "kawunansu". Maimaita. Sake maimaitawa. A hankali. 'Yan baya ba su ji ba. Kafin a yi nisa 'yan ajinmu sun raɗa mini suna Rediyo, kuma in muryata ta dushe sai wani ɗan iska daga baya ya ce a canza batir. Dakta yana ji. Wani lokacin har kafaɗarsa na ga tana rawa.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar gawayi. Akwai wani sauti namu da ya gagare su, suna so su ga inda harshe yake taɓawa a cikin baki. Aka dama garin gawayi da man zaitun aka shafa mini a harshe, na furta kalmar, sannan aka ce in wangale baki aka zura madubi. Aji guda suka yi layi, kowa da fitilar wayarsa, suna leƙa cikin bakina kamar masu duba akuya a kasuwa. Yawu baƙi yana zubo mini a kan farar riga, ba halin in haɗiye. Wata ta ɗauki hoto, kafin in isa gida ya zagaya wayoyin 'yan sashe. Na yi kuka a mota, na share fuska kafin in shiga gida.

Kuma ban daina ba, saboda Mama. Kalmar da ban sani ba ita nake kawo wa. Sai ta zauna a kan turmi ta lumshe ido, ta tono mini sunayen ciyayi da na farauta da ita kanta ta yi shekaru ba ta furta ba. Ta riƙa gaya wa matan cocinmu cewa a jami'a ana karanta ta.

Ranar jarrabawa ma ni ce takardar tambaya. Ina faɗa, suna rubutawa. Da aka tashi kowa ya miƙa takardarsa, ni na miƙe da busasshen maƙogwaro na bi Dakta har bakin mota. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na sani, na sani."

Da sakamako ya fito a allon sanarwa, har mai cewa a canza batir ya ci. Ni kaɗai na faɗi. A yaren uwata! Na ruga wurin jami'in jarrabawa, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ina takardarki? Ina littafinki? Babu takarda, babu maki. An riga an yi zama an amince da sakamako." Kwas ɗin kuma sau ɗaya ake yin sa a shekara. Ma'ana, 'yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa, ni in zauna shekara guda cur saboda shi kaɗai.

Na tarar da Dakta a ofis yana sauraron muryata a kwamfuta. Ya kashe, ya nuna mini kujera. Ban zauna ba.

"Malam, kai ka hana ni rubutu. Kai ka ce in kwantar da hankalina."

"Haka ne," ya ce, cikin wannan sanyin nasa da nake jin kamar in shaƙe shi. "Abin ya shige mini. Amma ki duba, ba asara ba ce. Sunaye kawai muka gama, ko rabin aikatau ba mu yi ba. Ajin da ke tafe za su ɗora daga inda muka tsaya. Wannan karon zan san yadda za a yi da makinki."

Na ce, "Shekara guda fa, Malam. Shekarata."

"Shekara nawa take a wurin yaren da ke mutuwa?" Ya jawo wata takarda yana dubawa. "Af, in da hali ki riƙa zuwa da mahaifiyarki. Naki ya gauraya da Hausa da yawa. Nata zai fi tsabta."

Allah ya isa ta zo mini har leɓe. Na haɗiye ta, domin makina yana hannunsa, kuma ya san na san haka. Har "na gode" na ce masa, abin da har gobe in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Na samu Mama tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Na gaya mata duka, ban rage komai ba, har gawayin da na ɓoye mata. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ci gaba da tsince shinkafar da ke tiren cinyarta. Can ta ɗago, ta tambaye ni da yarenmu, a hankali:

"In na je na buɗe musu nawa bakin, za su sake ki?"