Malam Gwadabe Mai Zanen Soro da Tsaninsa

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Gwadabe a shekarar 1926 a unguwar Ƙofar Durbi da ke cikin birnin Katsina. Mahaifinsa shi ne Malam Zakari magini, mahaifiyarsa kuwa Malama Baraka, 'yar Batagarawa. Yana da shekara shida aka kai shi makarantar allo, inda aka shaide shi da kyan rubutu da kuma raunin hadda, domin hankalinsa ya fi karkata ga ƙawata gefen allo a kan kula da abin da ke tsakiyarsa. Duk da haka ya sauke Alƙur'ani a 1941, bayan haƙuri mai yawa daga ɓangaren malaminsa.

Sana'a

Ya bi mahaifinsa gini, amma bai daɗe ba ya bar wa 'yan'uwansa ɗora tubali, ya koma zanen fuskar soro da ƙofar zaure. Ƙa'idar aikinsa ita ce a shafa ɗanyar ƙasa, ya hau tsani, ya fitar da dagi da ganye da takobi da yatsunsa kafin ƙasar ta sha iska, ba tare da ya taɓa gwada zanen a wani wuri ba. Damina kan lashe aikin sannu a hankali, da kaka kuma masu gida su sake kiransa. Da siminti ya shigo gari ya koyi aiki da shi, sai dai ya rasu bai yafe masa ba, don a cewarsa wanda ka yi wa zanen siminti sai dai ku haɗu wurin suna ko jana'iza.

Aure da 'ya'ya

A 1949 ya auri Malama Hadiza, suka zauna shekara arba'in da biyar, Allah Ya ba su 'ya'ya takwas, uku suka rasu da ƙuruciya. An ruwaito cewa ya ƙawata soraye a kowace ƙofa ta birnin, alhali bangon ɗakinta bai taɓa samun ko layi ɗaya ba, kuma ta ci gaba da tuna masa wannan har ta rasu a 1994. Mai wannan rubutu, wanda maƙwabcinsu ne kuma bango ɗaya ya raba su, yana iya ba da shaida a kan haka ba don ya kasa kunne ba.

Shekarun hutu

Bayan rasuwarta aikin ya ƙara zame masa abokin hira. Ya haura saba'in yana saɓa tsaninsa da kansa, gwiwa na ƙara, ido na raguwa, masu kiran nasa ma suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, magadansu na rufe zanen da fenti.

A 1999, lokacin da soja suka koma bariki, ɗansa na uku, Kabiru, ya zama kansila. Daga nan matsala ta fara. A al'adar wurin, ɗan da Allah Ya ɗaukaka wajibi ne ya hutar da ubansa, kuma ba a yarda an huta sai jama'a sun gani. 'Yan adawa suka samu abin faɗa a majalisar shayi, suna cewa wanda ya kasa sauko da ubansa daga tsani ta yaya zai kawo wa unguwa ruwa. Kabiru ya ji zafin maganar. Ya biya wa tsohon kujerar Makka, ya saya masa kujerar kwance da rediyo, sannan tun kafin mahajjata su dawo ya sa aka kai tsanin gonar wani abokinsa a Batagarawa.

Alhaji Gwadabe ya dawo ya nemi tsani, Kabiru ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi mai isarka. Yanzu sai ka zamna ka ci arziki." Tsohon ya ce, "To, Ranka ya daɗe Kansila, na zamna. Sai kuma me?"

Ya zauna. Cikin damina guda ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa, ya fara amsa gaisuwa da hannu. Aka yi asibiti, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, kowa da abin da ya gano, ban da abin da yake ƙarara.

Komawa aiki

Da kakar shekarar 2000 ya sa 'yarsa Tani ta kwaɓa masa ƙasa a tsohuwar ƙwarya, ya ja jiki ya zauna a bakin hanya, ya kama zanen gindin bangon maƙwabta, iyakar inda hannun mai zaune ke kaiwa. Awaki na goga jiki suna ɓatawa, yana sakewa. Masu wucewa kan tsaya su yi salati, wasu baƙi har suna ajiye masa sadaka. Kabiru ya zo a gigice ya ce, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri." Tsohon ya ce, "Kai ka ce in zamna, ga ni zamne. Matsa, ka tare mini haske."

Kabiru ya auna kunyar biyu ya ɗauki mai sauƙi. Aka dawo da tsani, bisa sharaɗin ba zai wuce mataki na uku ba, sharaɗin da aka kiyaye a duk ranar da kansila yake gari. Kumburin ya saɓe, cin tuwo ya dawo, har da ƙorafin gishiri. A haka ya ƙara shekara huɗu yana aiki, a hankali, da nishi, kuma galibi ba da lada ba, don a lokacin shi ke roƙon masu gida su ba shi bango.

Rasuwa

Ya rasu ranar wata Laraba a watan Nuwamba na 2004, yana da shekara saba'in da takwas, bayan gajeriyar jinya, ya bar rabin fuskar wani zaure a Ƙofar 'Yandaka ba a ƙarasa ba. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa. Ya bar 'ya'ya biyar: Tani, Audu, Kabiru, Rukayya da Ɗanladi, da jikoki masu yawa. Mai zauren ya zo ta'aziyya ya tambaya ko a cikinsu akwai wanda zai ƙarasa masa aikin, suka dubi juna, aka shafa Fatiha. Allah Ya jiƙansa da rahama.