Hannun Baba a Jikin Keken Ɗinki

Idan aka jiƙa tsamiya a kwanon ƙarfe ta kwana, akwai wani wari da take yi, tsami gauraye da ƙarnin ƙarfe. Kai mai karatu wataƙila kunu zai tuna maka. Ni keken ɗinkin mahaifina yake tuna mini.

Baba tela ne a ƙauyenmu, kusa da Makoda. A shekarun fari da yunwa, da mutane suka daina ɗinka sutura, sai ya tafi cin rani kudu. Kafin ya tafi ya kwance kan keken daga teburinsa, ya naɗe shi a buhu, ya binne a ƙarƙashin gadon Inna don kada yunwa ta sa a sayar. Ya ce shi zai tone da hannunsa.

Abokan tafiyarsa suka dawo ɗai-ɗai. Wani ya ce ya gan shi a tasha, wani ya ce a asibiti. Ba wanda ya ga gawa. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, Inna tana kwana a kan keken, muna cin tafasa da rama. Ranar da ƙanwata ta kasa tashi daga tabarma, Inna ta ɗauki fartanya ta shiga ɗaki.

Danshin ƙasa ya riga ya cinye buhun. Keken ya fito jawur da tsatsa, allura ta narke, ƙoshiyar zare ta manne. Muka kai wa Kawu, yayan Inna, mai gyaran keken hawa a Bici. Yana da wani tsohon keken hawa da ya kafe a ƙasa, ya ɗaura wa sarƙarsa buroshin da ya yi da wayar birki. Mutum ya hau ya taka feda, buroshin ya yi ta juyawa yana cin tsatsa.

Kawu ya kwance abin da ya kwantu, ƙananan ya zuba a kananzir. Da ya zo kan wilin da tela yake juyawa da hannu, sai ya tsaya. Tsatsa ta rufe wilin ko'ina, ban da wuri guda. Shacin tafin hannu ne, da yatsu huɗu a lanƙwashe ta baya, fes, yana ƙyalli kamar ɗazu aka ɗauke hannun. Ɗan yatsa na ƙarshe gajere ne. Baba ya rasa kan nasa tun yana yaro.

Da tsakar rana ne, kasuwa tana ci, amma sai da na ja da baya.

"Maiƙon hannu ne," in ji Kawu. "Shekara da shekaru yana shafar wurin. Ke dai kin san mijin naki da cin ƙuli-ƙuli."

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta ce, "Yaya, ƙasa ba ta ci wurin ba. Ashe shi ma ba ta ci shi ba."

Kawu ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya yi mata bayani a hankali. Wilin ya kafe a jikin sandarsa, ba zai juya ba sai ya kwana a ruwan tsamiya. Tsamiya kuwa ba ta zaɓe, duka za ta mayar da shi baƙi, buroshi kuma ya mayar da shi fari gaba ɗaya. "Ko keke ko hannun," ya ce. "Ba zan iya ba ki duka biyu ba."

Inna ta ɗora tafinta a kan shacin. Nata bai cika shi ba. Ta daɗe a haka har na ga leɓenta yana motsi. Da ta ɗauke, ta ce, "Jiƙa."

Washegari ni na taka fedar. Baƙin gari yana tashi yana sauka a ƙafafuna, Kawu yana juya wilin a bakin buroshi, ina kallon yatsun suna ɓacewa cikin hasken ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. A hanyar gida, kan keken yana bisa kanta, Inna ta cire 'yan kunnenta ta ƙulle a bakin zane. Da muka isa ta aika a kira liman, ta shiga takaba.

Keken ya ciyar da mu. Ƙanwata ta tashi, yau tana da jikoki. Labarin Baba bai zo ba, na rai ko na mutuwa.

Yanzu a bakin titin Ungogo ina ganin samari da injin gurza na lantarki. Kafin ka gama gaisuwa sun mayar da tsohon ƙarfe sabo, ba wanda yake duba abin da ke jikinsa kafin ya goge. Inna ta yi ɗinki har idonta ya gaza. A duk shekarun nan da kan yatsu take tura wilin, ta gefe, ba ta ɗora tafi inda shacin yake a da. Na taɓa tambayarta dalili. Ba ta ɗago daga ɗinkin ba, ta ce, "Ai da mai wurin."