Fim Ɗin Da Na Tura Wa Yaya

Akwai wani dattijon ɗan wasa da ba na iya wuce fim ɗinsa. Ba wani kyau gare shi ba, rawa ma bai iya ba, amma idan ya yi shiru yana kallon ƙasa sai ka ji kamar kai ne ka ɓata masa rai. Duk sanda na je shagon masu tura finafinai a bakin tasha, maganata ɗaya ce, a sa mini duk wanda yake ciki. A haka na ci karo da wani fim da bai yi tashe ba, don babu waƙa ko ɗaya a cikinsa.

Ya fito a tsoho mai 'ya'ya biyu wanda mantuwa ta kama. Ɗaya yana yi masa wanka yana ba shi abinci a baki, ɗayan kuwa sai gaisuwa ta waya. Na sha kuka, domin Baba yana kwance a ɗakin da ke kusa da nawa. Shekara guda ke nan da na ɗauko shi daga Lajawa, sunayen mutane suna zube masa ɗaya bayan ɗaya. Sunan Yaya, babban ɗansa, yana cikin kaɗan da suka rage, kuma burina shi ne Yaya ya zo kafin sunan nasa ma ya zube.

Yaya dillalin shanu ne a Kano. Kowace Juma'a yana zuwa kara, kasuwar shanu ta nan Wudil, ya wuni yana shafa bayan bijimai, amma ƙarasowa gidana ta gagare shi. Kullum rana ta yi, ko hanya ta cushe. Ni ƙanwa ce, ba zan buɗe baki in ce masa ya zo ya ga ubansa ba. Sai na tura masa fim ɗin.

Bayan kwana biyu ya kira ni, murya a dishe.

"Ke, fim ɗin nan ya sa ni hawaye. Wannan mai haƙurin, kamar ni aka gani aka rubuta. Ɗayan kuwa Allah ya shirye shi, irinsu sun yi yawa."

Na ce, "Sun yi yawa kam, Yaya."

Ban taɓa raina mutum kamar ranar ba. Ƙato da gemu, ya zauna awa biyu ana nuna masa kansa, ya tashi yana tsine wa wani. Daga nan ya zama mai wa'azi, ya bi abokansa yana tura musu fim ɗin.

Duk da haka na sa rai, wautar da har yau take ba ni haushi. Ranar Juma'a na sa wa Baba farar riga da hula, na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na dafa shinkafa da yawa. Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Yaya ne ya turo mini fim ɗin, ya ma manta daga hannuna ya fito, haɗe da saƙon murya. Na kunna.

"Ki kalli wannan da kyau, ki ƙara kula da Baba. Haƙƙin iyaye ba abin wasa ba ne."

Baba ya karkato kunne. "Wane ne ke magana?"

Na faɗi sunan Yaya, na maimaita.

Ya ɗan yi tunani, bai gano ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ya iya magana. Uban wannan ya dace da ɗa."